Kafin A Kafa Shinge A Hanyar Kazaure

Zancen yau ya fi shafar direbobi da yaran mota da 'yan kamasho, da fataken hatsi da na dabbobi a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Zancen kuɗin hanya ne, wato abin da ake karɓa a hannun mai mota kafin a ɗaga masa shinge ya hau titi ko ya haye gada, wurin da direbobi ke kira tolget. Manyan hanyoyi biyu ne ke ratsa wannan yanki namu su nufi Jamhuriyar Nijar. Ɗaya ta taso daga Kano ta bi Dambatta da Kazaure da Daura ta kai iyaka a Kwangwalam, daga nan sai Matamai da Damagaram. Ɗayar ta tashi daga Kunya, ta bi Babura da Babban Mutum ta shiga Magarya. A farkon 2023 aka ƙaddamar da aikin mayar da ta farkon tagwaye, tsawon kilomita 132, a kan kuɗi kimanin naira biliyan 116, kamfanin BUA ne ya ɗauki aikin. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tun a watan Agustan 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da tsarin maido da kuɗin hanya, kuma ministan ayyuka na lokacin, Babatunde Fashola, ya bayyana cewa tagwayen hanyoyi ne za a sa wa shinge, waɗanda suka kai kimanin kilomita 5,000 daga cikin kilomita 35,000 na hanyoyin tarayya. Ke nan duk hanyar da ta zama tagwaye ta shiga sahun waɗanda za a iya sa wa shinge. Ba cewa nake gobe za a kafa shi ba. Cewa nake lokacin yin magana shi ne yanzu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ra'ayin da zan kare a wannan shiri ga shi. Kuɗin hanya yana iya zama adalci, amma sai in an auna shi da nauyin mota, sannan ya zo a madadin igiyoyi da sandunan da ke tare mu a yanzu. In ya rasa waɗannan biyu, to ƙarin haraji ne kurum aka raɗa wa sabon suna, kuma mutanen wannan yanki suna da hujjar ƙin sa.

Biyan kuɗi don wucewa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sun san kuɗin fito a bakin Kwara, sun san garamar da sarakunan kan hanya ke karɓa, kuma babban aikin madugu shi ne ya yi cinikin wannan kuɗi a madadin ayari. Abin da ayari ke saye da shi a fili yake: kwalekwalen da zai haye da shi, zangon da zai kwana, da tsaro daga 'yan fashi. Sarkin da ya karɓa bai tsare hanya ba, ko ya tsawwala, fatake su sauya hanya su bar shi. Da Turawa suka ci ƙasar, gwamnatin Lugga ta ɗora nata harajin a kan darajar kayan ayari, 'yan kasuwa suka yi ta kuka cewa yana kashe ciniki, aka soke shi a 1907. Kusan shekara ɗari bayan haka tarihi ya maimaita kansa. Dattawan direbobi suna tune da shingayen da ke bakin manyan garuruwa, har da na Kano, waɗanda Shugaba Obasanjo ya sa aka rushe a farkon 2004. Dalilin da gwamnati ta bayar shi ne abin da ke isa baitulmali bai taka kara ya karya ba, yawancinsa na zurarewa a hanya, ga cunkoso da shingayen ke haddasawa. Aka yi niyyar maye gurbinsu da harajin naira ɗaya da sule biyar a kan kowace litar mai, ƙungiyar ƙwadago ta tashi haiƙan, maganar ta mutu. Sai ƙasar ta wayi gari babu kuɗin shinge, babu harajin mai, hanyoyi kuma suka koma jiran abin da kasafin kuɗin shekara ya ga dama ya ba su.

Daga nan ne muka samu abin da muke kira hanyar kyauta, wadda a gaskiya ta fi kowace tsada. Direban da ke jigila tsakanin Kazaure da Kano, ko tsakanin Babura da Dawanau, yana biyan kuɗin hanya kullum, sai dai ba gwamnati yake ba wa ba. Mai faci yake ba wa, da mai sayar da taya, da bakaniken da ke sauya masa sifirin da shokozoba. Yana biya a man da motarsa ke ƙonawa tana rarrafe tsakanin ramuka, yana biya a sawun da ya rasa don tafiyar awa ɗaya ta zama ta awa biyu. Wani lokaci da rai ake biya, sa'ad da motoci biyu suka kauce wa rami ɗaya suka yi taho-mu-gama. Duk wannan kuɗi yana fita daga aljihun direba, ya koma kan fasinja da mai kaya, amma ko tsakuwa ɗaya ba ya sakawa a cikin ramin. Kwalta kuwa ba ta da haƙuri. Tsagar da ba a toshe ba a rani, ruwan damina ya shige ta ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi, kafin kaka ta zama rami, kafin shekara uku sai an kankare wurin an sake ginawa da ninkin-ba-ninkin kuɗin da toshewar za ta ci. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2022 ta yi da kwalbatoci da gadoji a Jigawa ya san cewa hanya tana buƙatar kuɗin da ke shigowa kullum, wanda ba ya jiran sai an zartar da kasafi a Abuja. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu son kuɗin hanya ke da ita, kuma na yarda da ita.

To wa ya kamata ya biya, kuma nawa? A nan akwai ilimi tabbatacce. Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi a Amurka suka shimfiɗa hanyoyin gwaji a kusa da garin Ottawa na jihar Illinois, suka yi ta zagaya su da motoci masu nauyi iri-iri dare da rana, suna auna yadda kwalta ke lalacewa. Abin da suka gano shi ne har yau ake koyar da ɗaliban injiniya, har da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke nan Kazaure. Ɓarnar da mota ke yi wa titi ta dogara ne a kan nauyin da ke kan kowane aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin dama da na hagu, kuma ba ta ƙaruwa daidai da nauyin, tsalle take yi. In aka ninka nauyi sau biyu, ɓarna tana ninkuwa kusan sau 16. In aka ninka shi sau goma, ɓarna ta ninku kusan sau 10,000. Ma'ana, aksil ɗaya mai ɗauke da tan 10 yana cin kwalta kamar aksil dubu goma masu ɗauke da tan ɗaya-ɗaya. Ƙaramar motar malamin makaranta da ke zuwa Roni, da bas ɗin haya, da babur, kusan ba sa yi wa titi komai in aka gwada su da tirela guda mai ɗauke da siminti ko taki. Haka nan, ƙa'idar da ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince da ita ta ƙayyade tan 11 da rabi a kan aksil guda. Mai motar da ya ƙara rabin abin da aka yarda masa, don ya ci ribar sawu ɗaya, ya ninka ɓarnarsa sau biyar, kuma jama'a ne za su biya.

Ƙasashen da suka daɗe suna karɓar kuɗin hanya a kan wannan ma'auni suka gina tsarinsu, kuma babu inda aka fi ganin haka kamar a kan motocin nan masu ɗaki a ciki, da gado da wurin girki, waɗanda Turawa ke yawon hutu da su daga ƙasa zuwa ƙasa. Manya a cikin masu sauraro za su tuna irinsu a shekarun 1970 da 1980, lokacin da 'yan yawon buɗe ido ke ƙetaro Sahara daga Aljeriya ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram su sauko Kano, kafin rashin tsaro ya tsinke wannan hanya. Irin wannan mota tana tsaka-tsaki ne, ta fi ƙaramar mota, ba ta kai babbar mota ba, shi ya sa kowace ƙasa ke nuna ainihin ma'auninta a kanta. A Ostiriya, in nauyinta bai wuce tan 3 da rabi ba, mai ita zai sayi izinin kwanaki ko na shekara kamar kowace ƙaramar mota. In ta haura, sai a maƙala mata na'ura a gilashi, a riƙa cajinta a kan kowace kilomita gwargwadon yawan aksil ɗinta da irin hayaƙin da take fitarwa. A Suwizalan ma iyakar tan 3 da rabi ce: wadda ke ƙasa da haka faran 40 na kuɗin ƙasar take biya a shekara, wadda ta haura kuma harajin manyan motoci ya hau kanta. Faransa tana haɗa nauyi da tsayi, ƙasa da mita biyu rukuni ɗaya, tsakanin biyu da uku wani rukuni, sama da uku wani. A gadar Oresund da ta haɗa Denmak da Suwidin tun shekarar 2000 tsawon mota ake dubawa, wadda ta wuce mita 6 ta fi biya. Ma'aunan sun bambanta, amma a duk waɗannan wurare matafiyi yana iya zama a gidansa ya lissafa abin da zai biya kafin ya tayar da mota, kuma abin da ya lissafa shi zai tarar. Motarsa ake tambaya nauyinta, ba a tambayarsa shi ɗan wane ne.

Yanzu mu dawo gida mu duba abin da aka riga aka fara. A watan Fabrairun 2025 aka soma karɓar kuɗi a hanyar Keffi zuwa Akwanga da Lafiya da Makurdi, mai tsawon kilomita 227, don biyan bashin kimanin dala miliyan 460 da aka ciyo daga bankin Exim na ƙasar Sin. Ƙaramar mota naira 500 a shinge, jif 800, ƙaramar bas 1,000, babbar mota mai aksil da yawa 1,600. An yafe wa babura da a-daidaita-sahu, an kuma yi wa ƙananan motocin haya rangwamen rabi, kuma wannan abin yabo ne. Amma a dubi tazarar. Tirela tana biyan ninki uku da ɗoriya na abin da ƙaramar mota ke biya, alhali ɓarnarta ninki dubbai ce. Ba wanda zai ce a caje ta ninki dubu, domin ba duk kuɗin hanya ba ne na gyaran ɓarnar taya. Akwai na ginawa, da na magudanar ruwa, da na abin da rana da ruwan sama ke lalatawa, kuma wannan kowa ya kamata ya sa hannu a ciki. Duk da haka ninki uku ya yi kaɗan ƙwarai. A irin wannan jadawali mai ƙaramar mota ne ke tallafa wa mai tirela. In aka kwafo shi aka kawo hanyar Kazaure, wadda manyan motocin kan iyaka ke bi, to ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa ne za su riƙa gyara abin da manyan 'yan kasuwa suka fasa.

Na san abin da mai sauraro zai ce: duk abin da aka ɗora wa tirela a kan buhun gero zai sauka, talaka ne dai zai biya a kasuwa. Gaskiya ne zai sauka, amma a yi lissafi a ga nawa ne. Tirelar da ta ɗauko buhu 300, in ta biya naira 1,600, kowane buhu ya ɗauki naira 5 da 'yan kwabbai. Ko da an ninka kuɗin sau biyar ya zama 8,000, kowane buhu bai kai naira 30 ba, a lokacin da buhun kansa ke kan dubban nairori masu yawa. Taya ɗaya da rami ya fasa wa wannan tirela ta fi kuɗin shingen sawu da yawa. Wanda kuɗin zai yi wa ciwo shi ne mai yawan wucewa da ƙaramar mota. Direban bas da ke zuwa Kano sau biyu a rana, ko da rangwamen rabi, zai haye shinge sau huɗu, naira 2,000 ke nan, a kwana 26 ya zama 52,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. Saboda haka sauƙaƙa wa babbar mota da sunan tausayin talaka kuskuren lissafi ne. In tausayin talaka ake so, a sauke wa bas a ɗora wa tirela.

Akwai ƙorafi na biyu wanda ya fi wannan nauyi, kuma ba zan yi kamar na kawar da shi gaba ɗaya ba. Mutane za su ce mun riga mun biya. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ke ƙasa da naira 200 ta ninka sau da yawa, kuma an ce kuɗin da aka yi tsiminsu za a yi ayyuka da su. Ƙari a kan haka, hanyar Kano zuwa Kwangwalam ba da bashin waje aka ɗauki nauyinta ba. An bayar da ita ne a ƙarƙashin tsarin da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, inda kamfani ke gina hanya da kuɗinsa, gwamnati ta cire masa adadin daga harajin da ya kamata ya biya. Wato da kuɗin jama'a ake gina ta. To a kan me za a sake karɓa? Amsata ita ce wannan hujja ta rushe rabin kuɗin, ta bar rabi. Ta rushe duk wani yunƙuri na cajin mutanen Kazaure kuɗin ginawa, domin babu bankin da ke bin wannan hanya bashi irin na Makurdi, don haka babu dalilin da farashinta zai yi daidai da na can. Abin da ya rage shi ne kuɗin kulawa, wanda ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba shi da wata tabbatacciyar mashiga. An kafa hukumar gyaran hanyoyin tarayya, FERMA, a 2002, a 2007 aka gyara dokarta aka ba ta kashi 5 cikin ɗari na farashin fetur da gas, kashi 40 nata, kashi 60 na hukumomin gyaran hanya na jihohi, amma shekaru suka yi ta wucewa ba a aiwatar ba. Harajin mai ma yana da nasa aibin: mai injin ban-ruwa a fadamar Kazaure da mai injin niƙa a Gwiwa za su biya, alhali injinansu ba sa taka kwalta.

Ƙorafi na uku shi ne sata, kuma wanda ya ga abin da ya faru kafin 2004 ba za a ce masa mai mugun zato ba. Sai dai abin da aka gani a wasu ƙasashe ya nuna rushe shinge ba ya maganin komai, haka ma kafa shi da ƙarfin tsiya. Gana ta dakatar da karɓar kuɗin hanya a watan Nuwamban 2021, ta koma kan harajin tura kuɗi ta waya, ba a yi shekara uku ba gwamnati ta dawo tana maganar maido da shi, harajin wayar kuma aka soke shi a 2025. A Afirka ta Kudu an kafa na'urorin caji a manyan hanyoyin Johannesburg da Pretoria a ƙarshen 2013 ba tare da an shawo kan jama'a ba, masu motoci suka ƙi biya ƙememe, har gwamnati ta kashe na'urorin a watan Afrilun 2024. Kusa da mu, duk direban da ya taɓa shiga Magarya ko Matamai ya san shingen da ke bakin gari a Nijar, inda ake sayen tikitin hanya da sefa, a nuna shi a shinge na gaba. Ƙasar ta kafa asusu na musamman don kula da hanyoyi tun 1999, ta sake masa fasali a 2017. Ba a ce hanyoyin Nijar duk sumul suke ba, kuma kaso mafi girma na irin wannan asusu daga harajin mai yake fitowa. Amma akwai takarda a hannun direba, mai ɗauke da adadi, kuma takarda ana iya ƙirga ta. Yau abin ya fi sauƙi, tun da mai shayi ma yana karɓar kuɗi ta waya. Na'ura na iya ƙirga motocin da suka wuce, biya ya tafi asusu kai tsaye ba ta hannun kowa ba, a riƙa bayyana abin da aka tara da abin da aka kashe kowane wata, a gidan rediyo irin wannan da kuma allo a bakin shingen. In mai karɓa ya ƙi yarda da wannan, ya riga ya gaya mana niyyarsa.

Sai maganar igiyoyi, wadda a wurina ita ce zakaran gwajin dafi. Duk wanda ya taɓa ɗauko awaki ko riɗi ko zoɓo daga ƙauyukan kan iyaka zuwa Kano ya san sau nawa ake tsayar da mota, ya san masu kaki da marasa kaki, da masu rasit ɗin da ba a san ofishin da ya buga shi ba, da waɗanda ba su damu da rasit ɗin ba ma. Wasu tsayawar halal ne, domin hanyar kan iyaka dole a binciki makamai da fasa-ƙwauri. Amma bincike daban, karɓar na goro daban. A 1998 dokar tarayya da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai iya karɓa ta haramta wa kowa, har da hukumar haraji, ya kafa shinge a kan hanya don tara kuɗi. An sha shelar rushe su, su ɓace mako biyu su dawo. Wannan shi ne kuɗin hanyar da ya fi cutar da ciniki, saboda ba a san adadinsa ba sai an isa, kuma yana cin lokacin da dabba ke ramewa a cikin mota, tumatir ke ruɓewa. In gwamnati ta zo da shinge na hukuma ta bar waɗannan a wurarensu, ta zama ɗaya daga cikin masu igiya, illa tata igiyar ta ƙarfe ce. In kuwa ta kawar da su, direbobi da kansu za su ga cewa biya ɗaya sananne ya fi biya goma na wulaƙanci araha.

Mutanen Babura da Roni da Gwiwa na iya cewa wannan duk matsalar masu bakin babban titi ce. Ba haka ba ne. Ranar da aka sa kuɗi mai tsoka a hanyar Kazaure, mai tirelar da ya nufi Damagaram zai tuna cewa akwai hanyar Kunya da Babura, wadda ba tagwaye ba ce, don haka ba shinge. Wanda ya san ƙasar zai nemi ƙananan hanyoyin jiha da ke ratsa ƙauyuka ya zagaye wurin biya. Waɗannan hanyoyi ba a gina su don irin wannan nauyi ba, kuma mun ji abin da nauyi ke yi wa kwalta. Jamus ta ɗanɗana wannan. Da ta sa wa manyan motoci kuɗi a manyan titunanta a 2005, wasu suka karkata zuwa hanyoyin da ke ratsa garuruwa, sai ta riƙa faɗaɗa cajin har ya game dukkan hanyoyin tarayya a 2018. Wannan shi ne raunin shawarar da nake bayarwa, domin gwargwadon yadda aka ɗora wa tirela, gwargwadon yadda za ta nemi gudu. Maganinsa sikelin auna manyan motoci a hanyoyin biyu, tare da tara mai zafi ga wanda ya yi lodi fiye da ƙima, da kuma ware wani kaso na abin da aka tara don gyaran hanyoyin da ke ciyar da babban titin. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021 kuma zai bi ta Kazaure da Daura, shi ma yana da hannu a nan: kaya mai nauyi wurinsa jirgin ƙasa, kuma muddin tirela na fasa titi a ɓagas, jirgi ba zai iya gasa da ita ba.

Wasu kuma za su ce a huta da duk wannan, a ɗora wa motocin Nijar da sauran baƙi, a ƙyale 'yan ƙasa. Jamus ta gwada wannan dabara a kan ƙananan motoci: kowa ya biya, amma a rage wa Bajamushe daidai adadin daga harajin motarsa. Ostiriya ta kai ƙara, kotun Tarayyar Turai ta rushe shirin a watan Yunin 2019 saboda wariya ce. Mu a nan ba sai kotu ta gaya mana ba. Abin da muka yi wa direban Damagaram a Kwangwalam shi za a yi wa direban Kazaure a Matamai. Mun ga yadda kasuwanninmu suka yi tsit da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, zirga-zirgar ta fi dogara a kan kyakkyawar mu'amala fiye da da, kuma farashi biyu a shinge ɗaya tsokana ce da ba mu da buƙatarta.

Bambancin da ya halatta shi ne tsakanin mai wucewa da mazaunin wurin. Tsarin 2021 da kansa ya yi alkawarin rangwame ga waɗanda ke zaune kusa da shinge suna yawan haye shi, kuma a kan wannan alkawari ya kamata a riƙe gwamnati. Inda za a dasa shingen ma magana ce babba. In ya faɗo tsakanin gari da gonakinsa, ko tsakanin ƙauyuka da asibiti da kasuwar Kazaure, to mai kai mara lafiya da mai kai taki gona za su riƙa biyan abin da mai tafiya Damagaram ke biya, a kan tafiyar kilomita biyar. Waɗannan abubuwa, wato wurin shinge, da jadawalin farashi, da rangwamen mazauna, da sikeli, da wajibcin bayyana lissafi, duk a cikin takardar yarjejeniya ake rubuta su tsakanin gwamnati da kamfanin da zai karɓi kuɗin. Masarautar Kazaure da ta Ringim, da shugabannin ƙananan hukumomi, da ƙungiyoyin direbobi da na masu manyan motoci, da 'yan majalisar da muka tura Dutse da Abuja, su ne ke da bakin da za su nemi ganin wannan takarda tun tana daftari. Ta hanyar Makurdi shekara 25 aka sa wa hannu.